Likitan mutane da ya ƙare a garken aladu: me Richard Shope ya tsinana wa duniya?

Malam Na-Laburare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i da aka kawo wuta na zauna karance-karance, sai na ci karo da labarin wani Ba'amurke, Richard Shope, kuma har na wayi gari yana yi mini yawo a ka. An haife shi a Des Moines ta jihar Iowa a 1901, ya mutu a 1966. Likitancin mutane ya karanta, ya gama a 1924, amma kusan duk rayuwarsa a kan dabbobi ta ƙare: aladu, zomaye, shanu. Shi ne ya nuna a 1931 cewa bairos ke kawo murar aladu. Shi ya gano bairos ɗin da ke sa zomo ya tsiro da wani abu kamar ƙaho. A yaƙin duniya na biyu shi aka ba jagorancin aikin allurar bushiya, annobar shanu. Sannan ya kwashe shekaru yana bin wata funfuna da yake fatan ta zame wa bairos abin da fenisilin ya zame wa bakteriya, amma ba ta taɓa zama maganin da ake sayarwa ba. Bai ci kyautar Nobel ba, ba kuma wani magani da ake kira da sunansa. To masana, da wane mudu ake auna irin wannan mutum?

Sarkin Musu:
Wa alaikumus salam Malam. Da mudun da ake auna kowa mana. Fleming ya ba mu fenisilin. Waksman ya ba mu sitiraftomaisin, masu tarin fuka suka tashi. Wannan kuma shekara arba'in a ɗakin bincike, ba abin da zan shiga kemis in nuna in ce nasa ne. Alade da zomo? Aladen ma ba ci muke yi ba.

'Yar Aji Huɗu:
Yaya Sarkin Musu, a yi mini afuwa, amma misalan naka biyu duk suna da gyara. Fleming ya ga funfunar a 1928, ya rubuta, abin ya kwanta sama da shekara goma. Sai da Howard Florey da Ernst Chain da mutanensu a Oxford suka tace shi, suka gwada a ɓeraye a 1940, a mutum a 1941, sannan ya zama magani. Da a 1935 aka tambaye ka, da cewa za ka yi Fleming ma bai tsinana komai ba. Sitiraftomaisin kuwa ɗalibin Waksman ne, Albert Schatz, ya ware shi a 1943 a jami'ar Rutgers. Sai da ya kai malaminsa kotu a 1950 kafin a amince da shi a matsayin wanda suka gano tare, kuma duk da haka Nobel ɗin 1952 Waksman kaɗai aka ba.

Ɗan Barno:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Sarkin Musu:
Ƙanwata, na ji. Amma ko Schatz ko Waksman, magani dai ya fito. Nan kuma me ya fito?

Dakta Mai Shanu:
Bari in sa baki tunda an shigo gonata. Sarkin Musu, kafin Shope duniya ba ta san me ke kawo mura mai tsanani ba. Tun 1892 wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya samo wata bakteriya a majinar masu ciwon ya ce ita ce, shi ya sa har yau sunanta Haemophilus influenzae duk da ba ita ba ce. Annobar 1918 ta zo ta kashe mutane, ana ƙiyasta miliyan 50, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, likitoci na ta yin allurar rigakafi da wannan bakteriyar a banza.

A wannan shekarar ta 1918 wani likitan dabbobi a Iowa, J. S. Koen, ya lura aladu na kwanciya da ciwo irin na masu su. Ya kira shi mura, masu kiwon suka ji haushi don suna tsoron a daina sayen nama. Ciwon ya ci gaba da dawowa duk kaka. Shope yana aiki a cibiyar Rockefeller da ke Princeton a ƙarƙashin Paul Lewis, ya je Iowa a 1928 ya gan shi da idonsa. Abin da ya yi ba shi da wuyar fahimta. Ya ɗebi majinar alade marar lafiya ya tace ta a mataci mai ƙananan ƙofofin da bakteriya ba ta iya wucewa. Ya ɗiga ruwan da ya wuce a hancin lafiyayyen alade, sai ya kamu da ciwo mai sauƙi. Ya ba wani bakteriyar ita kaɗai, ko gezau. Da ya haɗa biyun, sai ga ciwon nan gadan-gadan, da zazzaɓi da numfashi sama-sama. Ke nan akwai wani abu da ya fi bakteriya ƙanƙanta wanda shi ne ke buɗe ƙofa, ita kuma ta biyo baya ta yi ɓarna.

Shekara biyu bayan ya wallafa, a 1933, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw a Landan suka bi irin wannan hanya suka ware bairos ɗin murar mutane, ta hanyar wata dabba mai kama da tunku da Turawa ke kira feret. Daga nan aka kai ga allurar mura a shekarun 1940. In kana neman abin nunawa a kanti, ga shi nan, sai dai ba sunansa a jikin kwalbar.

Malam Na-Laburare:
Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Shi Lewis ɗin ma bai ga ƙarshen aikin ba. Ya tafi Birazil binciken zazzaɓin shawara, ciwon ya kama shi ya mutu a 1929. Zamanin nan shawara ta ci masu bincike da yawa, Adrian Stokes a Legas ya mutu a 1927, Hideyo Noguchi a Akara a 1928.

Hajiya Mai Kaji:
Dakta, tsaya, ni nan wurin ya taɓa ni. Bara kajina suka fara tari da zawo, wuya na murɗewa, cikin kwana huɗu na kwashe gawa ta fi ɗari. Na je wurin wani mai sayar da maganin dabbobi, ya haɗo mini kala uku, har da antibayotik ɗin nan ja-da-rawaya, ya ce in zuba a ruwan sha. Na zuba, kuɗina suka tafi, kajin ma suka tafi. Da na kawo maganar nan zauren ku kuka ce mini antibayotik ba ya kashe bairos. Yanzu kuma ka ce bairos da bakteriya haɗuwa suke yi su yi kisa. To ashe mai maganin nan bai yi ƙarya ba?

Dakta Mai Shanu:
Hajiya, tambayar nan taki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya sayar miki da rabin gaskiya a farashin cikakkiya. Abin da kika kwatanta, murɗewar wuya da zawo da mutuwa rututu, ya fi kama da ciwon Niyukasil, kodayake sai an gwada a tabbatar, don murar tsuntsaye ma tana zuwa da kama da haka. Duka biyun bairos ne, kuma irin wanda shi kaɗai ya isa ya kashe, ba ya jiran taimakon kowa. Ko buhu guda na ja-da-rawaya kika zuba ba zai hana ba. Allurar rigakafi a kan lokaci ita ce maganar.

Akwai dai inda bairos ke raunana huhu sai bakteriya ta samu hanya, kamar aladun Shope, kamar yaron da ya yi ƙyanda daga baya ciwon huhu ya biyo. A nan antibayotik na da aiki. Amma wa zai ce an kai wannan matakin? Wanda ya duba dabbar. Mai shago bai ga kazar ba, jakarki ya gani.

Famasis:
Dakta, kada a yi mana kuɗin goro. Ni ina bayan kanta kullum. Mutum zai shigo da mura ta kwana biyu ya ce a ba shi amfikulos. Ka ce masa ya sha ruwa ya huta ya sha farasitamol, sai ya harare ka ya tsallaka titi ya saya a wurin mai tebur. Gobe ya ce wa maƙwabta ba ka san aiki ba. Murar za ta tafi da kanta cikin mako, kafso ya kwashi ladan. Haka aka saba mana. Kuma sakamakon ba wasa ba ne: binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yammacin Afirka ne kan gaba.

Dakta Mai Shanu:
Ba da ku nake ba, Famasis, masu lasisi daban. Mu ma a ɓangarenmu hannunmu ba wankakke ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1940 da Thomas Jukes ya lura cewa ɗan ƙaramin antibayotik a abincin kaji na sa su saurin girma, masu kiwo a duniya suka mai da shi kamar gishiri. Tarayyar Turai ta hana wannan a 2006. Mu nan ana ba kaza magani da safe a sayar da ƙwanta da yamma, ba wanda ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin leda.

Hajiya Mai Kaji:
To ni dai ina jira, Allah ya gani. Asara ce amma ina jira.

Sarkin Musu:
Kun kai mu kasuwar kaji. A dawo kan zomo mai ƙaho, don nan ne nake jiran in ji yadda za a wanke shi.

'Yar Aji Huɗu:
Wannan ai shi ne ya fi daɗi, Yaya. Mafarauta a Iowa da Kansas sun daɗe suna harbo zomayen daji masu wani tsiro baƙi mai tauri a ka da fuska, har ana ganin daga nan tatsuniyarsu ta zomo mai ƙahon barewa ta samo asali. Shope ya sa aka aiko masa da su. Ya niƙa tsiron, ya tace, ya goga a fatar lafiyayyun zomaye, tsiro ya fito. Ya wallafa a 1933. Sai ya miƙa abin ga abokinsa Peyton Rous, wanda tun 1911 ya nuna bairos na sa wa kaji kansa amma aka ce ai wannan lamarin tsuntsu ne, bai shafi masu shayarwa ba. A 1935 Rous da Joseph Beard suka nuna tsiron nan a zomon gida yana rikiɗewa ya zama kansa ta gaske. Ka ga an rufe bakin masu cewa sai a kaji.

Dangin wannan bairos ɗin su ne HPV na mutane. Harald zur Hausen a Jamus ya gano nau'i na 16 a 1983 da na 18 a 1984 a cikin sankarar bakin mahaifa, ya ci Nobel a 2008. Allurar rigakafin HPV ta fito a 2006. Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ƙanwata an yi mata a makarantarsu. Kuma tun 1937 Shope ya nuna ana iya yi wa zomo rigakafin wannan tsiro.

Ɗan Barno:
Zur Hausen? Wannan ku bincika da kyau, ƙila ɗan Kurmi ne da ya ɓata a Jamus.

Sarkin Musu:
Ɗan Barno, ka bar mu mu yi magana. Ƙanwata, nan ne ba na yarda da ku 'yan boko. Daga 1933 zuwa 2006 shekara 73. A tsakani mutum dubu nawa suka yi aiki? In haka ne kowa ma sai a rataya masa komai. Wanda ya haƙa rijiya a ce shi ya dafa tuwon da aka ci bayan jikokinsa sun tsufa. Da Shope bai ga zomon ba wani zai gani.

Malam Na-Laburare:
Wannan hujjar taka tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma "da wani zai gani" ana iya faɗin ta a kan kowa, har Fleming ɗinka. Zomayen nan sun yi shekaru aru-aru suna yawo da ƙahonsu, mafarauta na dariya, masu zane na zanawa. Bambancin shi ne mutum ɗaya ya ce a kawo a niƙa a tace. Kuma dubi Rous: aikin 1911 aka ba shi Nobel a kai a 1966, bayan shekara 55, yana da shekara 87. Da ya mutu yana da 80, da yanzu shi ma kana tambayar me ya tsinana. Abin tausayi, Shope ya mutu ranar 2 ga Oktoban wannan shekarar, 'yan kwanaki kafin a sanar da kyautar abokin nasa.

Jauro:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma an ambaci bushiya. Ku da kuke musu a kan zomo ba ku ga bushiya ba. A 1983 ina yaro na ga abin da ta yi wa garken Baffa. Saniya za ta daina kiwo, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari ya biyo, cikin mako ɗaya ko kwana goma ta faɗi. Da safe sai ka ƙirga waɗanda ba su tashi ba. Ban taɓa ganin Baffa ya yi hawaye ba sai shekarar nan. Tsofaffi suna cewa wadda aka yi zamanin kakanninsu, wajen 1890, ta fi wannan, akwai waɗanda suka wayi gari ba ko maraƙi. In wannan Bature na da hannu a kashe bushiya, ni ya gama mini komai.

Dakta Mai Shanu:
Jauro, Allah ya jiƙan Baffa. Amma gaskiya ɗaya ce, kada mu ba Shope abin da ba nasa ba. Aikinsa na bushiya na yaƙi ne. Amurka da Kanada sun ji tsoron kada abokan gaba su sako cutar cikin shanunsu, sai a 1942 suka buɗe wani wurin sirri a tsibirin Grosse Île cikin kogin St. Lawrence, suka ɗora shi a kai. Sun yi nasarar raino bairos ɗin a cikin ƙwan kaji har ya yi laushi ya zama allura. Aiki ne mai kyau, amma ba ita ce ta share cutar daga duniya ba. A tsibirin nan kuma an yi wani aikin daban na noman ƙwayar cutar antaras, mai kashe dabbobi da mutane, don makami, wanda ba abin alfahari ba ne ga kowa.

Wanda ya kamata makiyayi ya riƙe sunansa shi ne Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Ingila. Ya ma yi aiki a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, a shekarun 1950 kafin ya koma Muguga a Kenya. A can ya yi ta juya bairos ɗin a ƙwayoyin ƙodar maraƙi, zubi bayan zubi, har ya daina sa ciwo amma yana ba da kariya. Allura ɗaya ta ishi saniya har ta mutu, ga araha. Gangamin yi wa shanu allurar bushiya mai suna JP15 ya fara a 1962 daga ƙasashen tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Aka yi nasara, aka saki jiki, aka daina bin 'yan maruƙan da ake haifa, ita ce ta dawo ta same ku a farkon shekarun 1980. Ciwo na ƙarshe a Kenya aka gan shi a 2001, aka sanar da kawar da ita a 2011. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya share. Shi ma Plowright ya mutu a 2010, saura shekara guda.

Jauro:
Na gode Dakta, na rubuta sunan. Na tuna masu allura suna huda kunnen saniyar da aka yi wa. Baffa ya ce a farko wasu gudu suke yi da shanu cikin daji, suna zaton ƙirga ake yi don jangali.

Ɗan Barno:
Bafulatani da gudu ai ba sai an ce jangali ba. Da ka zo wurin ubangidanka da na yi maka bayani tuntuni.

Jauro:
Bawa ba ya yi wa mai gida bayani. Ka je ka ci gaba da shanyar kifinka.

Mai Unguwa:
Jauro da Ɗan Barno, a kai wasan taubasantaka waje. Malam, ka ce akwai batun funfuna, har yanzu ba a taɓo shi ba, kuma shi ne ya haɗa mu da maganar antibayotik.

Malam Na-Laburare:
To, ranka ya daɗe. A 1945 Shope yana tsibirin Guam tare da ayarin likitocin sojan ruwan Amurka. Lokacin fenisilin ya shigo, kowa na tonon ƙasa da shara yana neman funfunar da za ta ba da sabon magani. A cibiyarsu ta Rockefeller ma René Dubos ya riga ya fitar da nasa daga bakteriyar ƙasa tun 1939. Shi Shope tunaninsa ya tafi wani wuri: in funfuna na kashe bakteriya, ba za a rasa wadda ke kashe bairos ba. Ya yi ta tara su. Guam wuri ne mai laima, sai wata ta tsiro a kan marfin hoton matarsa Helen da ya tafi da shi. Ya noma ta, sunanta Penicillium funiculosum, 'yar uwar mai fenisilin. Ya yi wa ɓeraye allurar ruwanta, ya sa musu bairos mai kama ƙwaƙwalwa, wasu da ya kamata su mutu suka rayu. Ya raɗa wa abin suna helenin, don matar. Ya wallafa a 1953.

Sai dai abin ya yi ta ba shi wahala. Zubi ɗaya ya yi aiki, wani ya ƙi. Sai an ba da shi kafin ciwon ko a farkonsa. In aka maimaita sai ƙarfinsa ya ragu. Bai taɓa zama maganin mutane ba.

Sarkin Musu:
Alhamdu lillahi, da bakinka ka faɗa. Ya faɗi ke nan.

'Yar Aji Huɗu:
Tsaya ka ji ƙarshen, Yaya. Dalilin da ya sa helenin yake wannan halin shi ne ba ya taɓa bairos ɗin ko kaɗan. A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann a Landan suka gano intafaron, wani sinadari da ƙwayoyin jiki ke fitarwa in bairos ya shigo, kamar mai kururuwa yana faɗa wa maƙwabta su kulle ƙofa. A 1966, shekarar mutuwarsa, Shope da abokan aikinsa suka nuna helenin tsokanar jiki yake yi ya fitar da intafaron. A 1967 ayarin Maurice Hilleman a kamfanin Merck suka gano ainihin abin da ke tsokanar: RNA ce, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan halitta, mai igiya biyu. Daga ina funfuna ta samo ta? Ashe ita kanta funfunar bairos ne ya kama ta. Mutumin ya tafi neman maganin bairos a jikin funfuna, ya dawo da wani bairos ɗin bai sani ba. Jikin ɓera na jin wannan RNA sai ya zaci an kawo hari, ya tashi tsaye.

Wannan a yau darasi ne a ajinmu. Yadda jiki ke gane RNA mai igiya biyu a matsayin alamar bairos ginshiƙi ne a ilimin garkuwar jiki, a 2001 aka gano ɗaya daga cikin masu gadin da ke jin ta, TLR3. Kuma binciken bairos ɗin da ke kama funfuna fanni ne mai zaman kansa yanzu.

Famasis:
Ni abin da na ɗauka a nan shi ne dalilin da ya sa har yau ba mu da fenisilin ɗin bairos. Bakteriya halitta ce mai gidan kanta, tana da bango, fenisilin bangon yake hana ta ginawa, mu kuma ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa ba ya cutar da mu. Bairos kuwa ba shi da gida, cikin ɗakinka yake shiga ya yi aiki da kayanka. Ta ina za ka jefe shi ba ka fasa tukunyarka ba? Magungunan da muke da su, na ƙanjamau, na ciwon hanta nau'in C, kowanne an ƙera shi ne don bairos guda, bayan shekaru ana nazarinsa.

Sarkin Musu:
Duk na ji. Amma ku lura, abin da ya nema bai samu ba. Wasu ne suka zo suka fassara masa abin da ke hannunsa. A makaranta in ka ba da amsar da ba ita aka tambaya ba, sifili ake ba ka.

Dakta Mai Shanu:
In kuskure kake nema in ba ka wanda ya fi wannan, don kada a ce muna yi masa kwalliya. Shope ya so ya gane inda bairos ɗin murar aladu ke ɓuya tsakanin kaka da kaka. Sai ya ce yana shiga tsutsar huhun alade, ƙwanta ya fita a kashi, tanar ƙasa ta haɗiye, alade ya ci tanar, bairos ya kwanta shiru har sanyi ya tayar da shi. Ya yi shekaru yana kare wannan. Yau ba a tafiya a kai, an san ciwon yawo yake yi daga alade zuwa alade duk shekara. A nan ya yi kuskure, kuma ya daɗe a cikinsa.

Amma ga inda ya harba ya samu. A tsakiyar shekarun 1930 ya gwada jinin mutane, ya ga na manya da suka rayu a 1918 yana kashe ƙarfin bairos ɗin aladu, na yaran da aka haifa daga baya kuwa ba ya yi. Ya ce ke nan bairos ɗin aladun nan ɗan uwan na annobar ne da ya saura. Ba shi da na'urar da zai tabbatar. Sai a 1997 Johan Hultin ya tono gawar wata mata da ƙanƙara ta adana a Brevig Mission ta Alaska, Jeffery Taubenberger da mutanensa suka kammala karanta ƙwayoyin halittar bairos ɗin a 2005, aka ga lallai dangi ne na kusa. Masana da yawa ma na ganin mu muka sa wa aladun, ba su suka sa mana ba.

Ɗan Barno:
Amma a 2009 Masar ta yanka aladunta kaf saboda murar aladu.

Dakta Mai Shanu:
Ta yanka, wajen dubu 300, alhali tsakanin mutane ciwon ke yawo. Shara ta taru a Alƙahira don su ne ke cinye ragowar abinci.

Hajiya Mai Kaji:
Ni tausayin Helen nake ji. Miji ya tafi yaƙi da hotonki, ya bar shi har ya yi funfuna, maimakon ya goge ya ba da haƙuri sai ya sa wa funfunar sunanki.

'Yar Aji Huɗu:
Hajiya, wallahi ni da na karɓa. Sunan yana cikin littattafanmu har yau.

Sarkin Musu:
To ga matsayata, kada a ce na gudu. Alade na ba shi, tunda daga 1931 zuwa 1933 ba nisa, ana ganin sawun. Zomo na ba shi rabi. Bushiya Dakta da kansa ya ƙwace ya ba Plowright. Funfunar hoto kuwa ban bayar ba, sa'a ce ta zo wa waɗanda suka biyo baya.

Malam Na-Laburare:
Fleming ma funfunar iska ce ta kawo masa cikin faranti yana hutu, amma ka ba shi cikakken maki tun a saƙonka na farko.

Sarkin Musu:
Tasa ta warkar da mutane, Malam. Ta Shope ɓeraye ta warkar, su ma ba duka ba.

Jauro:
Ku ci gaba da rabon maki. Dakta, ni tambayata ta awaki ce. Ciwon nan mai kama da bushiya da ke kama su da tumaki, zawo da majina da gyambon baki, bana ya shigo mana ta wajen wasu da aka sayo a kasuwa. Yara sun yi ta yi musu allurar antibayotik ta oksi.

Dakta Mai Shanu:
PPR ke nan, ƙanwar bushiya, a 1942 aka fara bayyana ta a Kodebuwa, kuma ita ake son sharewa nan da 2030. Oksin ba zai taɓa bairos ɗin ba, iyakarsa ya tare ciwon huhun da ke biyo baya, shi ma a ba da shi daidai awo, ba yara su yi ta caka ba. Ka ware waɗanda suka kamu, sababbin saye kuma a tsare su gefe mako uku kafin su shiga garke. Allurar rigakafinta akwai, Vom na yi. Ka kira ni bayan la'asar in ji awaki nawa ne, sai mu ga wanda zai zo muku da ita cikin ƙanƙara.